WUSASA: COCIN ƘASA DA YA GIRMA A GINDIN DUTSEN KUFENA

Mai karatu, musamman ke 'yar'uwa ma'abociyar karatun littattafan soyayya, yau da tambaya zan fara. A cikin littattafan Hausa na farko-farko da aka buga da boko, wanne ne ya kawo labarin saurayi da budurwa, da mai kuɗin da ya shiga tsakani ya raba su? Na san waɗanda suka yi makaranta a da ba za su yi dogon tunani ba, za su ce Jiki Magayi. Labarin Abubakar da Zainab ke nan, da attajiri Malam Shehu wanda ya sa dukiya ya ƙwace ta, da irin ramuwar gayyar da Abubakar ya tafi nema, har abin ya ƙare a kan yaron da aka haifa, wato Kyauta. To amma mutum nawa ne a cikinmu suka taɓa tsayawa suka dubi sunayen da ke bangon littafin? Sunaye biyu ne, na Baturen nan Rupert East, da kuma na John Tafida Wusasa.

Shi dai wannan John Tafida ba baƙo ba ne, ba kuma koyon Hausa ya yi da girma ba. Mutumin Zazzau ne, Kirista, kuma sunan garin da ke maƙale da sunansa, wato Wusasa, shi ne abin da za mu tattauna a kai a wannan fitowa. Domin kuwa da yawa daga cikinmu mun tashi da ɗaukar cewa duk Kiristan da ke Arewa zuwa ya yi, ko daga Kudu ko daga kan duwatsu. Alhali kuwa ga wata unguwa nan a bakin birnin Zariya, wadda ta kusa shekara ɗari ana yin sujada a cikinta da Hausa tsantsa, a cikin ginin ƙasa irin na kakanninmu. Yaya aka yi wannan coci ya kafu? Yaya ya girma? Me kuma ya ƙulla a rayuwar jama'ar da ke kewaye da shi, Musulmi da Kirista? Ku biyo mu sannu a hankali.

INA NE WUSASA?

Duk wanda ya saba bin hanyar Kaduna zuwa Kano ya san wurin, ko da bai taɓa sauka ba. In mota ta doso Zariya daga Kaduna, ta kawo wajen Ɗan Magaji, za ka hango wani ƙaton dutse ta yamma da birni. Wannan shi ne Kufena, dutse mai tsohon tarihi a ƙasar Zazzau, wanda aka zauna a gindinsa tun kafin birnin Zariya ya zama abin da ya zama. To a nan kusa da shi Wusasa take, a wajen ganuwa. Ka riƙe wannan kalma ta "wajen ganuwa" da kyau, mai karatu, domin rabin labarin namu a kanta yake.

ZUWAN LIKITA MILA

Labarin ya faro ne a shekarar 1900, kafin ma Turawan mulki su ci Kano da Sakkwato. A wannan shekara wata ƙungiyar mishan ta cocin Angilikan na Ingila, wadda ake kira C.M.S., ta turo mutum biyar ƙarƙashin Bishof Tugwell, da nufin su isa Kano. A cikinsu akwai wani saurayin likita mai suna Walter Miller, wanda daga baya mutanen Zazzau suka riƙa kira Likita Mila. Shi wannan bawan Allah tun kafin ya tako ƙasar Hausa sai da ya je Tarabulus ya zauna yana koyon Hausa a bakin fatake da alhazan da ke bi ta can.

Sun isa Kano kuwa, amma ba su ji da daɗi ba. Sarkin Kano Alu Babba bai karɓe su ba, ya ba su 'yan kwanaki su tattara nasu ya nasu su bar masa gari. Suka juyo ƙasar Zazzau, suka yada zango a Girku, inda ciwo ya kashe ɗaya daga cikinsu, sauran kuma suka watse. Wani da tuni ya haƙura. Amma Likita Mila mutum ne mai naci, ya je ya dawo, har a 1905 ya samu ya zauna a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da 'yar makaranta.

A nan ya kamata a fahimci wani abu. Lokacin da Lugga ya ci ƙasar nan ya yi wa sarakuna alkawari cewa gwamnati ba za ta sa baki a addininsu ba. Saboda wannan alkawari, Turawan mulki ba su cika son ganin 'yan mishan a cikin biranen Musulmi ba, domin su abin da ya dame su shi ne haraji ya shigo, ƙasa ta zauna lafiya. Shi ya sa zaman Mila a tsakiyar birnin Zariya ya zama kamar ƙashi a maƙogwaro, ga Razdan ga kuma fada. Tsakaninsa da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi ma, wanda ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1920, ba a sha inuwa ɗaya ba.

Game da samun mabiya kuwa, gaskiyar magana ita ce abin bai yi auki ba. Mutanen birni sun zo karɓar magani, sun yi gaisuwa, sun yi godiya, amma suna nan riƙe da addininsu. Waɗanda suka taru a gidan mishan 'yan kaɗan ne: yaran da aka 'yanta daga bauta ba su san inda iyayensu suke ba, da marayu, da wasu 'yan tsirarun samari da manya da suka karɓi sabon addinin da ransu. A cikin yaran da suka yi karatu a hannunsa akwai waɗanda suka gama suka fita da Musuluncinsu, akwai kuma waɗanda suka shiga Kiristanci daga baya suka komo. Shekara da shekaru ana abu ɗaya, jama'ar ba ta wuce a ƙirga ta a tsakar gida ɗaya ba.

ISAWA DA MASIFAR GIMI

Ana nan sai ga wani al'amari da ba a zata ba. Tun kafin zuwan Turawa, a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, an yi wani malami a Kano mai suna Malam Ibrahim, wanda a cikin karatunsa ya ɗaukaka matsayin Annabi Isa fiye da yadda sauran malamai suka yarda. Abin ya kai ga an yanke masa hukuncin kisa, almajiransa kuma suka watsu, da yawa suka nufi wajejen Ningi. Su ne ake kira Isawa. A 1913 wasu daga cikin zuriyar waɗannan mutane suka zo Zariya wurin Mila, suna neman ƙarin bayani a kan Isa ɗan Maryama. Daga nan wasu gidaje daga cikinsu suka shiga Kiristanci.

Da yake manoma ne, ba su saba da zaman birni ba, sai aka samar musu fili a Gimi, can wajen Maƙarfi, suka kafa ƙauyensu da gonakinsu da makaranta da wurin sujada. Wani limamin coci baƙar fata, mutumin tsibiran Karebiyan, mai suna Thompson, shi ya zauna tare da su. Abu ya fara kyau, an yi shuka an girbe, an yi aure an haihu. Ashe wurin matattarar ƙudan tsando ne. Ciwon barci ya shigo ƙauyen ya yi ta ɗauka ɗaya bayan ɗaya, babba da yaro. A 'yan shekaru kaɗan Gimi ta zama kufai, waɗanda suka yi saura, galibi yara da matan da mazansu suka mutu, aka kwaso su aka dawo da su Zariya. Wannan ciwo dai shi ne wanda ya addabi ƙasar Anchau, har daga baya gwamnati ta tashi mutane ta gina musu sabon gari mai suna Takalafiya.

To ka ji irin harsashin da aka ɗora wannan coci a kai, mai karatu. Ba sarakai ba ne, ba attajirai ba ne. 'Yantattun bayi ne, da marayu, da zawarawa, da 'yan gudun ciwo. In da a lokacin wani ya ce daga cikin waɗannan za a sami likitan farko na Arewa da shugaban jami'a, ai dariya za a yi masa.

FITA WAJEN GANUWA

A 1929, zamanin Sarkin Zazzau Ibrahim, maganar da aka daɗe ana ja ta zo ƙarshe. Aka daidaita cewa mishan za ta bar cikin birni, a ba ta fili mai faɗi a Wusasa. Wani limamin coci Bature mai suna Guy Bullen shi ya jagoranci ƙaurar. Likita Mila kuwa abin bai yi masa daɗi ba ko kaɗan, domin a ganinsa an kore su ne daga cikin mutane. Bai zauna a sabon wurin ba, sai ya koma Kano. Ya rasu a 1952 a ƙasar Jos.

Amma Hausawa sun ce wani hani ga Allah baiwa ne. A cikin birni mishan a takure take, ba filin gini, ba na noma, kullum ido a kanta. Da aka fito fili sai ga wurin makarantar maza da ta mata, ga wurin asibiti, ga gonaki, ga filin da kowane magidanci zai kafa gidansa ya yi shinge. Abin da yake gidan Bature ɗaya da 'yan yaransa, sai ya zama gari mai masu unguwa da dattawa da sarkinsa, a ƙarƙashin masarautar Zazzau. Fitar da aka ɗauka kora ce, ita ce ta zama mafarin girman.

Abin da ya fi ɗaukar hankalin baƙo a Wusasa shi ne tsohon cocin kansa, mai suna St. Bartholomew, wato sunan Bartalamawus, ɗaya daga cikin almajiran Almasihu goma sha biyu. Ba a yi shi da jan bulo da dogon hasumiya irin na Legas ko Lakwaja ba. Magina Hausawa ne suka gina shi da tubali da azara, suka ɗaure rufinsa da bakan gizo, kamar dai yadda ake gina soron sarki ko babban zaure. Wanda ya san tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, in ya shiga wannan coci zai ga hannun gidan magina ɗaya ne. Da rani ciki da sanyi, da hunturu da ɗumi. Ginin da kansa yana faɗa maka abin da mutanen wurin suke nufi, wato sun canja addini amma ba su canja kaka ba.

LITTAFI, ALLI DA ALLURA

In ka tambayi abin da ya raya Wusasa, abu uku ne, kamar duwatsun murhu.

Na farko shi ne harshe. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, aikin da Likita Mila ya ɗauki shekaru yana yi tare da waɗansu 'yan mishan da kuma Hausawan da suka san harshen ciki da bai. Kalmomin da aka yi amfani da su kuwa ba baƙi ba ne a kunnen Bahaushe: Allah, Ubangiji, annabi, mala'ika, Attaura, Zabura, Linjila, addu'a, zunubi, tuba, gafara. Wannan fassara ba a Wusasa kaɗai ta tsaya ba. Ita ce ta bi ƙasar Jos da kudancin Zazzau da Bauci da Adamawa, inda ƙabilu masu harsuna daban-daban suka riƙa karatu da waƙa da wa'azi da Hausa. Ke nan in ka ji Bakataf ko Ba'angashe ko Batangale yana zuba Hausa kamar a bakinsa aka yanka ta, to ka sani ban da kasuwa da bariki, coci ma yana da hannu a ciki. Wannan wata hidima ce da aka yi wa harshen Hausa wadda ba a cika ambatonta ba.

Na biyu shi ne makaranta. A lokacin da ake ɓoye yara a rumbu don kada a kai su boko, su mutanen Wusasa ba su da wata gadon da za su bar wa 'ya'yansu sai karatun. Ba su da sarauta, ba su da fatauci, dangi kuma da yawa sun juya musu baya. Saboda haka suka rungumi alli da allo hannu bibbiyu, maza da mata. Ina so 'yan'uwa mata su lura da wannan wuri. Tun a wancan zamani yarinya a Wusasa tana zama a aji, ta iya karatu da rubutu da lissafi da ɗinki, ta fito ta zama malama ko ma'aikaciyar jinya ko ungozoma. Daga baya aka kafa babbar makarantar sakandare ta St. Paul, wadda bayan gwamnati ta karɓi makarantun mishan a shekarun 1970 aka mayar da sunanta Kwalejin Kufena. Yara Musulmi da Kirista ba iyaka sun sha karatu a cikinta. Akwai kuma kwalejin horar da limaman coci ta St. Francis a nan garin.

Na uku shi ne asibiti, wato asibitin St. Luke, da makarantar koyon jinya da ungozoma da ke tare da shi. A nan ne fa cocin ya fi shiga gidajen mutanen da ba su taɓa taka ƙofarsa ba. Ciwo bai san addini ba, naƙuda kuma in ta zo gardama ba ta tambayar sunan ungozoma. Matan birni da na ƙauyukan kewaye, waɗanda ko kusa ba za su saurari wa'azin mishan ba, sun kwanta a gadon wannan asibiti sun sauka lafiya, sun koma gida an yi suna ranar bakwai an raɗa wa yaro Muhammadu ko A'ishatu. A cikin gidajen Zazzau akwai dattawa da yawa, har da malamai da alhazai, waɗanda hannun da ya fara ɗaukarsu a duniya hannun wata Saratu ce ko wata Rifkatu.

'YA'YAN DA GARIN YA HAIFA

Hausawa na cewa juma'ar da za ta yi kyau tun daga laraba ake gane ta. Ba a daɗe ba sai ga amfanin karatun nan ya fara fitowa.

Dokta Barau Dikko, wanda ya tashi a hannun wannan mishan, ya yi karatun likita a Birmingham ta Ingila, ya zama likitan zamani na farko ɗan Arewa. Ba a asibiti kaɗai ya tsaya ba. Yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a 1948, shi ne kuma shugabanta na farko, kafin ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa ta N.P.C. a 1951, wadda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi mulki a ƙarƙashinta. Ka ji fa, ƙungiyar da ta haɗa kan Arewa, Kirista ne ya fara zama a kujerar shugabancinta, kuma ba wanda ya ga abin a matsayin baƙon abu a lokacin. Babban asibitin koyarwa na Barau Dikko da ke Kaduna sunansa ya ci.

Sai Farfesa Ishaya Audu, wanda aka haifa a Anchau a 1927, daga zuriyar Isawan nan da muka ambata. Likitan yara ne, ya kuma zama likitan Sardauna. Shi ne ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, sannan ya riƙe Ministan Harkokin Waje a zamanin Shehu Shagari. Ya rasu a 2005. Ɗalibai nawa ne 'ya'yan Musulmi suka sami digiri a ƙarƙashin kulawarsa? Sai dai Allah.

Sai kuma wanda kowa ya sani, Janar Yakubu Gowon, shugaban ƙasa daga 1966 zuwa 1975. Iyayensa Angasawa ne daga wajen Fankshin, mahaifinsa Malam Yohanna mai aikin bishara ne, ya kawo iyalinsa Wusasa, a nan Yakubu ya tashi ya yi firamare kafin ya wuce kwalejin gwamnati ta Zariya, wadda ake kira Barewa. Wannan ya nuna maka wani abu game da yadda garin ya girma: ba Hausawa da Fulani kaɗai ba ne, ya zama matattara ga Kiristocin Arewa daga ƙabilu iri-iri, Hausa ce ta haɗa su, aure kuma ya ƙulla su.

Ga kuma John Tafida da muka buɗe da shi, wanda littafinsa yana cikin guda biyar ɗin nan da suka fito bayan gasar rubutu ta 1933, tare da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi. Duk marubucin soyayya na yau, ko ya sani ko bai sani ba, yana bin sawun da wannan mutumin Wusasa yana cikin waɗanda suka fara takawa.

RAYUWAR YAU DA KULLUM

To ban da manyan mutane, me coci yake yi wa talakan gari? A irin wannan wuri coci ba ɗakin sujadar ranar Lahadi kaɗai ba ne. A nan ake sanar da haihuwa da rasuwa, a nan ake shelar aure don mai magana ya yi magana tun da wuri. In miji da mata sun saɓa, kafin a kai ga alƙali sai an kai ga dattawan ikilisiya. Ƙungiyar mata kuwa, wadda a cocin Hausa aka fi sani da Zumuntar Mata, ita ce ƙashin bayan komai. Su ne masu zuwa gaida mara lafiya, su ne masu dafa abincin gidan makoki, su ne masu haɗa kuɗi a taimaki gwauruwa ko a biya wa maraya kuɗin makaranta, su ne kuma masu zaunar da amarya su yi mata faɗan zaman aure. In suka ɗaura zanensu iri ɗaya suka ɗauki tulu da caki suna waƙa, ko ba ka jin wa'azin ka san Hausa kake ji.

Sunayensu ma in ka ji, sai ka rasa a ina za ka raba: Dauda, Haruna, Yusufu, Yakubu, Ishaya, Bulus, Hannatu, Maryamu, ga kuma Ladi da Talatu da Laraba da Asabe. Tuwo ɗaya, miyar kuka ɗaya, gaisuwa ɗaya, kunyar suruki ɗaya, kunyar ɗan fari ɗaya.

Girman cocin kuwa bai tsaya a gindin Kufena ba. A 1954 aka kafa dayosis ta Angilikan ta Arewacin Najeriya, a 1980 aka fitar da ta Kano da ta Jos daga cikinta. Daga shekarun 1970 zuwa gaba Maguzawa da yawa na ƙauyukan Zazzau da Kano da Katsina, waɗanda suka daɗe a kan al'adar kakanni, wasu suka musulunta, wasu kuma suka shiga Kiristanci, aka yi ta kafa ƙananan majami'u a ƙauyuka. Masu wa'azi da malaman da suka iya Hausa ta gado su aka fi bukata a wannan aiki. A 1997 Wusasa ta sami dayosis tata ta kanta, Ali Buba Lamido ya zama bishof ɗinta na farko. Wurin da ya fara da 'yan marayu a tsakar gida ɗaya, ya zama hedkwatar majami'u masu yawa.

INDA TAKALMIN YAKE MATSI

Kada mai karatu ya ɗauka labarin duk zuma ne. Ba haka ba ne, kuma ɓoye gaskiya ba ya gyara zumunci.

Ta ɓangaren Musulmi, akwai dalilin da ya sa iyayenmu suka yi ɗari-ɗari da boko. Sun ga makarantar farko da suka sani a hannun mishan take, sun kuma ga yaran da suka shiga da addini ɗaya suka fito da wani. Mishan ba ta ɓoye nufinta ba, wa'azi ta zo yi, magani da karatu hanya ce. Wannan tsoro ya daɗe a zukata, ya kuma jawo wa Arewa jinkirin da har yau ake biyan bashinsa, musamman a karatun 'ya'ya mata.

Ta ɓangaren Kiristan Bahaushe kuwa, shi ma yana da nasa kukan. Wanda ya bar addinin gidansu sau da yawa ya rasa gado, ya rasa matar aure a dangi, wani ma ya rasa gaisuwar mahaifi. Zuriyarsa kuma ta tashi a tsaka mai wuya: a wurin 'yan'uwansa Hausawa ana yi masa kallon bare saboda addini, a wurin Kiristan Kudu kuma ana yi masa kallon Bahaushe saboda harshe da riga. Jemage ke nan, ba ka cikin tsuntsaye ba ka cikin dabbobi.

Ranar da abin ya fi muni ita ce a watan Maris na 1987, lokacin da rikicin da ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa da wasu garuruwa. An yi asarar rayuka, an ƙona wuraren ibada, a Zariya an ƙona majami'u da yawa, Wusasa ma wutar ba ta tsallake ta ba. Abin takaicin shi ne, masu ƙone-ƙonen nan ba mamaki a cikinsu akwai wanda a asibitin garin aka yanke masa cibiya. Fitina ba ta da ido, in ta tashi ba ta tuna alheri.

Amma duk da haka garin bai tashi ba. Yau Wusasa cike take da Musulmi da Kirista, ga masallatai ga majami'u, ana jin kiran salla ana jin ƙararrawa. A gidaje da yawa na wannan yanki za ka tarar da kaka ɗaya, jikoki kashi biyu, wasu na zuwa Idi wasu na zuwa Kirsimeti, kwanon abinci kuma yana tsallaka katanga ta kowane ɓangare.

ABIN DA ZA MU ƊAUKA

Ba mun kawo wannan tarihi ba ne don mu ce wa kowa ya bar abin da yake kai. Kowa ya riƙe addininsa da kyau, hisabi na Allah ne. Abin da muke so a duba guda biyu ne.

Na ɗaya, jama'ar da ta fara da marayu da zawarawa ta kai inda ta kai ne saboda ta riƙe karatun 'ya'yanta, mace da namiji, ta kuma riƙe junanta a lokacin ciwo da mutuwa. Wannan ba sirri ba ne, ba kuma mallakar wani addini ba ne. Uwar da ke karanta wannan shafi, 'yarki da kika cire daga aji uku don talla, wa zai karɓi haihuwar jikokinki gobe? In muna son likita mace ta duba matanmu, to sai mun bar yarinyar ta zauna a aji.

Na biyu, maƙwabcin nan da ake nuna wa yara da baki ana cewa ba namu ba ne, a bincika da kyau. Mai yiwuwa kakansa da naka a zaure ɗaya suka sha fura. Abin da uwa ta faɗa wa ɗanta a kan maƙwabci yana goye a bayanta, shi ne abin da zai fito da shi titi ranar da gari ya rikice, ko ruwa ko fetur.

In Allah ya kai ka Zariya, mai karatu, ka daure ka ratse ta Wusasa, ka yi sallama, ka nemi iznin ganin tsohon ginin ƙasar nan. Za a amsa maka da Hausar da ta fi taka daɗi, a kuma kawo maka ruwa kafin a tambaye ka daga ina. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya kiyashe mu da fitina. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.